Tsohon Doki da Sabon Sirdi: Gardamar Masoya Mustang

Akwai wata gardama da ta shafe fiye da shekara 50 ana yinta a ƙasar Amurka, kuma har yanzu ba ta mutu ba. Gardamar kuwa a kan mota ce. Duk lokacin da kamfanin Ford ya sake wa motarsa mai suna Mustang fasali, sai masoyanta su tashi haiƙan, waɗansu na cewa an ɓata ta, waɗansu na cewa an ci amanar magabata. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci da rigimar masu kuɗi a kan ƙarfe da fenti? Amsarmu ita ce, a cikin wannan rigima akwai tambayar da za ta riske kowannenmu ranar da aka damƙa masa wani abu mai tsohon suna: mene ne ya halatta a sake, mene ne kuma idan an taɓa shi sunan ya zama ƙarya?

Bari mu fara da asali. Irin motocin nan Amurkawa suna kiransu da wani laƙabi mai ma'anar motoci masu ƙwanji, watau matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu wadda aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda takwas. Masana da yawa suna ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin ta farko. A wannan shekarar ce kuma, ran 17 ga Afrilu, Ford ya fito da Mustang a babban bajen koli na duniya da aka yi a birnin New York, bisa jagorancin Lee Iacocca. Sunan na dawakin daji ne na yammacin Amurka. Motar tana da dogon gaba da gajeren baya, ga kujeru huɗu, ga hoton doki a guje a goshinta, kuɗinta kuwa dala 2,368. A shekarar farko kaɗai an sayar da fiye da 400,000, kuma kafin shekara biyu ta cika an ƙera miliyan ɗaya.

To, ga abin da masu kukan an ɓata asali ba su cika son tunawa ba. Mustang ta farko ba ingarma ba ce. Ƙashin bayanta da yawancin kayan cikinta an ɗebo su ne daga wata mota mai araha ta iyali, Ford Falcon, sa'an nan injin da ake sayar da ita da shi a farashin nan mai silinda shida ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 101 ba. Ƙaton injin nan na Boss 429 sai a 1969 ya zo. Hoton da ya zauna a zukatan mutane, na koriyar mota tana tsalle a titunan San Francisco, daga sinimar Bullitt ta 1968 ya fito, wadda Steve McQueen ya fito a ciki. Ashe abin da ake kira asali, rabinsa tarihi ne, rabinsa majigi.

Daga 1967 zuwa 1973 motar ta yi ta ƙara tsawo da faɗi da nauyi, domin a sami wurin zaunar da manyan injuna. Masu saye kuwa suka yi ta raguwa. A 1966 an ƙera fiye da 600,000, amma a 1973 adadin ya faɗo zuwa kimanin 135,000. Kamfanonin inshora sun tsawwala wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 kuma ta tilasta rage hayaƙi, abin da ya rage wa injuna ƙarfi.

A cikin wannan hali ne, a watan Satumba na 1973, Ford ya fito da Mustang II. An rage mata tsawo da kimanin santimita 48, an rage nauyi da fiye da kilo 200, an kuma ɗebo waɗansu kayanta daga ƙaramar motar nan Pinto. Abin da ya fi ƙona wa masoya rai shi ne, a shekarar farko babu mai silinda takwas a kasuwar Amurka ko ɗaya. Har yau idan suka zauna hira, ita ce abar ba'a. Amma wata guda bayan fitowarta, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka ɗanyen mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin Oktoba. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu, layin motoci ya miƙe a gidajen mai. Tashin farashin nan da ya cika baitulmalin Nijeriya a zamanin ƙarin albashin Udoji, shi ne ya sa Ba'amurke ya koma ƙidayar galan. An ƙera Mustang II kimanin 386,000 a shekarar farko, fiye da miliyan ɗaya kuma kafin a daina ta a 1978. Abokan gasarta da suka tsaya a kan girmansu, watau Plymouth Barracuda da Dodge Challenger da AMC Javelin, duk a 1974 aka rufe littafinsu.

A kan wannan, mu dai muna ganin masoya ba su yi adalci ba. Hujjarmu ba yawan ciniki kaɗai ba ce. Mustang II ta riƙe alkawarin da sunan ya ɗauka tun farko: ƙofa biyu, dogon gaba, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma farashinta daidai aljihun matashi mai albashi. In an duba da idon gaskiya, ta fi kama da ta 1964 a kan ƙatuwar nan ta 1973 da ake yi wa makoki. Kiɗa ya sake, ita ma ta sake rawa, shi ya sa sunan ya tsira.

Amma kada a ɗauka kullum masoya ne ke da laifi. A watan Afrilu na 1987 mujallar AutoWeek ta tona cewa Ford na shirin ɗora sunan Mustang a kan wata mota da aka tsara tare da kamfanin Mazda na Japan, wadda tayoyin gaba ne ke janta, kuma babu injin silinda takwas a tsarinta. Sai wasiƙu suka yi ta kwarara ofishin kamfanin. Shugabanni suka janye, aka fito da sabuwar motar a 1988 da sunan Probe, aka bar Mustang a kan tsarinta. An daina ƙera Probe a 1997, Mustang kuwa tana nan. A wannan karo masoya sun yi daidai, domin abin da aka so yi ya wuce sake sirdi. Wani doki dabam aka so a shigo da shi barga a kira shi da sunan tsohon, alhali kuwa kama da wane ba ta wane.

Wannan darasi bai isa kunnen kamfanin General Motors ba. A 2004 ya dawo da sunan GTO bayan shekara 30, ya liƙa shi a kan Holden Monaro da ake ƙerawa a Ostareliya. Motar tana da ƙarfin doki 350, ta fi kakanninta gudu da iya shan kwana, amma siffarta ta yi lami, ba ta tuna wa kowa da komai. Masoya suka juya mata baya, aka daina ta a 2006 bayan an sayar da kimanin 40,000 kacal. Wannan ya nuna siffa ma tana da nata haƙƙi. Ford kuwa ya karanci zamanin, a samfurin 2005 ya koma wa kamannin shekarun 1960, jama'a suka yi maraba.

Sai dai akwai wani labari da ya kamata masu yawan kuka su yi wa kansu hisabi a kai. A samfurin 2019 kamfanin Chevrolet ya sake wa Camaro SS fuska, ya gitta wani baƙin sanda a gabanta ya ɗora tambarinsa a kai. Aka yi ca a kansa, har ya zama dole a samfurin 2020 ya mayar da tambarin sama, ya shafa wa sandan launin jikin motar. An biya wa masoya bukata, amma ciniki bai farfaɗo ba, kuma a ƙarshen 2023 aka daina ƙera Camaro. Da yawa daga masu ɗaga murya ba sabuwa suke saye ba, tsohuwa suke gogewa a gareji. Soyayyar da ba ta kai mutum wurin biya ba, ba ta riƙe ma'aikata a buɗe.

Yanzu mu zo kan babbar rigimar zamaninmu. A watan Nuwamba na 2019 Ford ya nuna Mustang Mach-E a Los Angeles. Doguwa ce mai ƙofa huɗu irin ta ɗaukar iyali, da batir take tafiya, ba ta da salansa balle ƙara. Masoya suka tattara sa hannu suna neman a cire mata sunan, kamfanin ya ƙi. Masu kare kamfanin suna da hujja mai nauyi, kuma ba za mu ɓoye ta ba: a 2024 an sayar da Mach-E kimanin 51,000 a Amurka, mai shan fetur kuwa kimanin 44,000. Suna kuma cewa samun mai lantarki a cikin jerin motocin kamfanin yana sauƙaƙa masa cika dokokin hayaƙi, ta yadda zai ci gaba da ƙera mai silinda takwas.

Duk da haka, a batun suna muna tare da masoya. Ba lantarkin ne matsalarmu ba, domin Mustang ta sha sake inji a tarihinta. Matsalar ita ce an maimaita abin da aka so yi a 1987, an ɗauki wata halitta dabam an rataya mata sunan da wata ta yi shekara 55 tana tarawa. Suna linzami ne, in ji Bahaushe, kuma linzamin da aka sa wa kowace dabba a gida, ranar da aka ja shi ba a san wadda za ta juyo ba. Kamfanin Dodge ma ya shiga irin wannan tsaka mai wuya. Ya daina Charger da Challenger masu silinda takwas a ƙarshen 2023, ya fito da Charger Daytona mai lantarki a 2024, sa'an nan ya saka mata wata na'ura a baya wadda ke kwaikwayon rugugin inji. Mu a ganinmu, mota mai lantarki da ta tsaya da shirunta ta fi mutunci a kan wadda ke aron muryar kakanta.

Akwai kuma wani canji guda wanda ya fi duk waɗannan girma, amma ba mu ga an yi masa gangami irin na fitila da goshi ba. Wannan kuwa shi ne farashi. Dala 2,368 ta 1964, in an auna ta da tashin farashin kaya, ta yi daidai da kimanin dala 24,000 a 2024. A wannan shekarar kuwa Mustang mafi araha ta haura dala 30,000, mai silinda takwas ta haura 40,000, har akwai samfurin GTD da ya wuce 300,000. Gaskiya ne motar yau ta fi ta jiya kariya da ƙarfi da kayan alatu, amma akawu da malamin makaranta da sabon ma'aikaci, waɗanda domin su aka ƙirƙiro motar, su ne aka bari a bakin ƙofa. Motar da aka yi amfani da ita a sinimar Bullitt an yi gwanjonta a watan Janairu na 2020 a kan fiye da dala miliyan 3. Abin samari ya koma abin adon attajirai, masu gadin asali kuwa suna can suna jayayya a kan siffar fitilar baya.

Wannan shi ne abin da ya sa muka kawo zancen cikin wannan mujalla. Mu ɗalibai da 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, gobe za mu gaji makarantu da ma'aikatu da ƙungiyoyi masu tsofaffin sunaye, har da wannan ƙungiya tamu. Za mu haɗu da masu cewa kada a taɓa komai, ko da ginin zai rufto a kanmu. Za mu kuma haɗu da masu son rushe komai su bar allon suna a ƙofa, domin allon yana jawo mutane. Tarihin Mustang ya nuna mana inda kowane ɓangare ke kuskure. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe tambaya ce guda biyu: domin wa aka kafa abin nan, kuma wane alkawari aka yi masa? Makarantar da aka kafa domin ɗan talaka, in ta sake fenti da tambari da tufafin ɗalibai amma ɗan talaka yana shiga, to tana nan a kan asalinta. In kuwa ta riƙe tsohon fenti da tsohon take, amma kuɗinta ya kore shi, to ta sake, ko da tsofaffin ɗalibai ba su ga abin kuka ba.

Saboda haka muna kira ga masu ƙauna, na mota da na wanin mota, su ci gaba da magana, domin wasiƙun 1987 sun tabbatar da cewa murya tana da amfani. Amma su fara da tambayar wanda aka hana shiga kafin su kai ga zancen goshi da fitila. Muna kuma kira ga masu riƙe da linzami su ji tsoron cin amanar suna, domin wasu ne suka tara shi, kuma wasu za su gaje shi bayansu. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon riƙe amana idan lokacinmu ya zo. Wassalam.