MAI CIKI BA TAKARDA TAKE CI BA

Jama'a, ku karkaɗe kunne, yau maganar matanmu masu juna biyu za mu yi. A shekarar 2018 an yi babban binciken lafiya a Nijeriya duka, aka tarar cikin masu ciki 100, guda 61 jininsu bai isa ba. Ƙarancin jini shi ke sa mace haki da jiri, in kuwa ta zubar da jini wajen haihuwa sai ta rasa abin da za ta tsaya a kai. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

To, me mahukunta suka yi? Sun buga takardu masu hoton tufa da madarar gwangwani sun liƙa a bango. Ina matar talaka a Kalmalo za ta samu tufa? Wanda ya zana hoton nan bai taɓa zama gindin murhunmu ba, bai kuma san kuɗin mudun gero ba.

Alhali maganin yana nan zube a kasuwar Illela. Ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga daddawa, ga zogale da tafasa da rama, ga busasshen kifi, ga fara, ga nono na dama fura. Waɗannan su ke gina jini da tsoka. Abin da ya rage a faɗa wa mutane dabarar cinsu. A matsa lemun tsami a kwaɗo, a sa tumatir ɗanye, don suna taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa a bar shi sai an jima da cin abinci, don yana tare sinadarin. A dafa nono kafin a sha. A daina hana mai ciki ƙwai da nama wai kada ɗa ya yi girma. Uwa mai yunwa ita ta fi shan wuyar naƙuda.

Amma wa za a gaya wa? Nan ne hukuma ta ɓata hanya. Yarinya mai cikin fari kunya ba ta barinta ta ce uffan. Ba ita ke cefane ba, ba ita ke rabon tuwo ba. Maigida ke riƙe da aljihu, uwar miji ke riƙe da mara, in an tafi goyon ciki kuma uwarta ke da iko. Saboda haka a koyar da ungozomomi da malaman Islamiyya, su shiga gidan suna da gidan biki da tukunya, a dafa kowa ya gani. Maza kuwa a same su a masallaci da rumfunan kasuwa.

Ba mu ce ganye ya maye awo ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, ta kuma sha ƙwayar ƙarin jini kullum. Wannan hakki ne a wuyan gwamnati, ba alfarma ba. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya 15 bisa 100 na kasafin kuɗi, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta cika ba. Da aka rufe iyaka da Ƙonni a 2019, aka sake rufewa a 2023, aka kuma janye tallafin mai, kwanon wa ya fara raguwa? Na uwa, mai ci bayan kowa ya ci.

Ku 'yan kasuwa, ranar da ciniki ya yi kyau ku ƙulla wa iyali wake da kifi kafin ku sayi goro. In masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da sabulu, ku tambaye su ƙwayar ƙarin jini nawa suka kai asibitin garinku. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya ba talaka sawaba, amin.