A rubuta kafin a miƙa aiki

Mai taɓin hankali sau da yawa ba ya iya ba likita cikakken labarin kansa. Takardar jinyarsa ce bakinsa. In ma'aikacin dare ya yi masa allurar kwantar da hankali bai rubuta ba, na safe zai iya sake yi masa, magani ya yi masa yawa.

Uwar da ta ɗauko ɗanta daga Ambursa a Jihar Kebbi, ta biya kuɗin mota har Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Sakkwato, tana buƙatar takarda mai ɗauke da sunan maganin da ya sha, yawansa, da ranar da ya fara. In babu, sai likita ya koma farko, ita kuma ta sake kashe kuɗi.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tabbatar da haƙƙin majinyaci. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta wajabta wa kowane ma'aikaci rubuta abin da ya yi, da lokaci da sa hannu, kafin ya tashi aiki. Ta kuma ƙara ma'aikata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya yi sakaci bayan haka, a tuhume shi.