A bar mai goge ya nemi abincinsa

A ƙauyukan Bader Goula, cikin yankin Dakoro, inda manomi da makiyayi suke shan rijiya ɗaya, dattawa suna da ƙorafi a kan samarin makaɗa. Wai yaro ya yi shekara da shekaru gaban maigidansa yana koyon goge, sai ga shi yau a gidan biki, gobe bayan ɗan takara, jibi a sutudiyo a Maraɗi yana taya mawaƙin fiyano. Suka ce ya zubar da gado. Ni ban yarda ba.

Wanda bai zauna kusa da mai goge ba bai san tsawon karatun nan ba. Da kiɗan ƙwarya yaro yake farawa, yana ɗaukar wa maigida kaya, yana amshi. Sannan ya koyi rufe ƙwarya da fatar guza, ya iya zaɓen izgar doki, ya san yawan ƙaron da zai shafa mata. Idan damina ta sa fata ta saki, ya kara ta kusa da garwashi har muryar ta dawo. Tsirkiya ɗaya ce tal, babu wata alama da za ta nuna masa inda zai sa yatsa, kunne ne malaminsa. A da, ƙarshen karatun shi ne fagen bori, inda kowane iska yake da takensa, kuma kuskure ba ya ɓoyuwa. Wannan kasuwa ta ja baya, masu biki kuma sun gano cewa lasifika da katin memori sun fi makaɗi araha. To, me ake so ya ci?

Mu tuna da marigayi Malam Maman Barka. Ɗan Tesker ne, Batube, mushen lakwal kafin duniya ta san shi da gurmi. Ya yi waƙa da Hausa da harsunan gabas, ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya a Yamai. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi kaɗai ya rage a masu kiɗan biram, abin kiɗan nan na Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Mutumin da ya riga ya yi suna ya koma almajiri. Daga baya ya kai biram har Ingila, faifansa ya fito a 2009, ya rasu a Nuwamban 2018. Da Barka ya ce shi gurmi kaɗai ya sani, da wuya biram ya tsira bayan mutuwar Bukar Tar. Yawon hannunsa ne ya ceci gadon wasu mutane.

Haka Ɗan Maraya Jos bai zauna a ƙofar fada da kuntiginsa ba. Karen mota da talakan kasuwa ya yi wa waƙa, kuma babu mai cewa ya ci amanar kiɗa.

Abin da yake tsorata ni daban ne. Yaro ne zai ga maigidansa ya tsufa hannu wofi, ya ce ba zai ɓata ƙuruciyarsa kan izga ba. Shi ya sa nake kallon masu kuɗin biya. Ma'aikatar magajin gari da ƙungiyoyin ayyuka sukan nemi waƙar faɗakarwa kan rigakafi, ko kan burtali da sulhun manoma da makiyaya kafin a saki gonaki. Sai a ware kuɗin mota da na abincin taro, makaɗi kuma a sallame shi da 'yan jikkuna kamar an ba shi sadaka. Gidajen rediyon karkara suna sa kiɗansa safe da yamma. Akwai hukumar BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha, amma mai goge na ƙauye yana buƙatar wanda zai kama hannunsa ya yi masa rajista. Duk wanda zai kira shi aiki bana, a yi ciniki tun kafin ya ɗaura tsirkiya, kuma a sa kason yaron da ke buga masa ƙwarya a cikin lissafi.