Zafin firosesa a N'Djamena: a duba ɗaki da ƙarfin wuta kafin a sayi sabuwar fanka

Duk wanda ya haɗa kwamfutar tebur a N'Djamena, ya shiga BIOS ya ƙara wa firosesarta gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade, akwai ranar da zai buɗe manhajar auna zafi ya ga digiri 55 ko 60 alhali na'urar na zaune, babu wasa a kunne, babu bidiyon da ake tacewa. Abin da kan biyo baya sananne ne: a nufi kasuwa neman ƙatuwar fanka ko na'urar sanyayawa mai ruwa, a zubar da sefa mai yawa, a dawo a tarar lambar ba ta sauka wani abin kirki ba. A ganina wannan kuɗin asara ne a mafi yawan lokuta. Zafin firosesa a lokacin hutu yana fitowa ne daga iskar ɗaki da kuma wutar da aka ɗura mata, kuma a gari irin wannan, wanda ya fahimci hakan zai ga cewa ƙarin gudun da yake taƙama da shi bai kai wahalarsa ba.

A fara da ɗaki, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi ba sa ƙirƙirar sanyi. Aikinsu kawai su kwashe zafi daga firosesa su miƙa wa iskar da ke kewaye, saboda haka ba za su taɓa saukar da ita ƙasa da zafin wannan iskar ba. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka galibi suna aunawa ne a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 20 da 25 a ma'aunin Salshiyas. Idan ɗayansu ya ce tasa na hutawa a digiri 35, abin da yake faɗa shi ne ta ɗara ɗakinsa da digiri 10 zuwa 15. A N'Djamena kuwa, matsakaicin zafin rana a watan Afrilu kusan digiri 41 ne, kuma ɗakin kwano marar silin a Chagoua ko Diguel yana iya kaiwa nan ko ya zarce. Ɗora digiri 15 ɗin nan a kan 40, sai ka sami 55. Ke nan firosesa mai digiri 55 a bazarar Chadi lafiyarta ɗaya da mai digiri 35 a Jamus. Lambar da ta dace a duba ita ce tazarar da ke tsakanin ɗaki da firosesa, kuma ƙaramin ma'aunin zafi na bango, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya isa a gano ta. Sannan a sani cewa firosesocin AMD Ryzen na baya-bayan nan suna nuna lamba mai ɗan yawa ko da suna hutawa, saboda suna bayar da rahoton wurin da ya fi zafi a cikinsu ne, kuma lambar kan yi tsalle ta dawo cikin daƙiƙa.

In tazarar ta kai digiri 25 ko 30 a lokacin hutu, to akwai matsala ta gaske, kuma wanda ya ƙara gudu shi ne abin zargi na farko. Hanyar da aka fi yayatawa ita ce a kafe gudun a lamba ɗaya, a kafe boltej ma a lamba ɗaya, a kashe tsarin da ke barin firosesa ta rage gudu ko ta yi barci idan babu aiki, wanda Intel ke kira SpeedStep, AMD kuma Cool'n'Quiet. Wasu har su saita Windows yadda ba za ta bar firosesar ta sauka daga kashi 100 cikin 100 na gudunta ba. Na'urar da aka yi wa haka ba ta san hutu ba. Kamar direba ne da ya tsayar da mota a gareji ya danne totur, sannan yana mamakin me ya sa inji ke tafasa. Lissafin kuma ba ya tausayi: wutar da firosesa ke ci tana hawa ne daidai da ninkin boltej a kan kansa. Wanda ya ɗaga daga bolt 1.2 zuwa 1.35 ya ƙara kusan kashi 27 cikin 100 na zafi tun kafin a lissafa ƙarin gudun. Gwajin da zai raba gardama kyauta ne. A mayar da BIOS yadda ya zo daga kamfani, a bar na'urar ta zauna minti goma, a sake aunawa. In lambar ta faɗo, an kama ɓarawon.

In ba ta faɗo ba, sai a buɗe akwati. Kwarin Bodélé da ke arewacin Chadi yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya, kuma hazon hunturu da ke rufe N'Djamena daga Nuwamba zuwa Maris yana shiga ko'ina. Lallausar ƙurar nan takan toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyayawa har fanka ta riƙa juyawa iska ba ta ratsawa. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen yakan bushe, musamman a na'urorin gwanjo da suka yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso, wani lokaci kuma ƙarfen ne bai zauna daidai ba. Akwai kuma na'urar da ake zaton tana hutawa alhali aiki take yi wa wani: manhajojin sata da ake kwafa daga filashi zuwa filashi sukan zo da ɓoyayyen shirin haƙar kuɗin kirifto, wasu ma sukan lafa da zarar an buɗe Task Manager.

Za a ce ai firosesa tana kare kanta, don in ta doshi digiri 100 a na Intel, ko 95 a yawancin Ryzen 7000, takan rage gudu da kanta. Gaskiya ne, amma wannan hujja tana rushe kanta. Mutumin da na'urarsa ke farawa daga digiri 65 ya riga ya cinye tazarar da zai yi aiki da ita, kuma da an ɗora mata nauyi za ta buga rufi ta sauke gudun da aka sha wahalar ƙara mata. Ban da haka, kariyar zafi ba ta hana boltej yin ɓarna. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone a kan allonsu saboda yawan boltej, har AMD ta sa aka ƙayyade shi a bolt 1.3 a sashen firosesar da abin ya shafa. A 2024 Intel ta amsa cewa firosesocinta na tebur zubi na 13 da na 14 suna lalacewa a hankali saboda yawan boltej, kuma cikin dalilan da ta bayyana har da neman wuta mai yawa a lokacin hutu ko ƙaramin aiki. Ta fitar da gyara a watan Agusta da Satumba, ta ƙara garanti na shekara biyu. In injiniyoyin da suka ƙera abin sun yi kuskure a wannan lissafi, mai kwaikwayon lambobin da ya gani a YouTube ya kamata ya yi hattara. Garantin ma bai cika amfanar wanda ya sayi tasa a hannu na biyu ta Kousseri ko Dubai ba, balle ga shi ƙarin gudu na soke shi.

Masu na'urar ruwa su ma suna da tasu hujjar, kuma a ƙarƙashin nauyi tana taimakawa. Sai dai ruwan a ƙarshe iskar ɗakin nan yake miƙa wa zafin, lagiretonta na cika da ƙura kamar kowane ƙarfe, ga kuma famfo wanda in ya mutu zafi ke hawa nan take. Mai ɗaki da iyakwandishan zai ce shi bai da wannan damuwa. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki, a birnin da ɗauke wuta ya fi tsanani daidai lokacin bazara, ƙaramin janareto ko batirin sola zai ɗauki kwamfuta amma ba zai ɗauki iyakwandishan ba. Saitin da aka gwada cikin sanyi shi ne zai yi aiki cikin zufa, yana kuma zuƙe batirin da sauri.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta matashin da ke cin abinci da tace bidiyon biki a kan tsohuwar na'ura. A zamanin Core i5-2500K na 2011, wadda ta zo da gigahaz 3.3 kuma ake kai ta 4.5 ba tare da wahala ba, ƙarin gudu riba ce da ake gani da ido, kuma mai irinta har yau yana da dalili. Shi ma ya bar boltej ya riƙa hawa da sauka bisa nauyin aiki, ya bar tsarin barcin a kunne, ya yi gwajinsa da tsakar ranar Afrilu, domin abin da ya tsaya daram a Disamba ba shaida ba ne. Sababbin firosesoci kuwa suna ɗaga kansu da kansu zuwa kusan iyakarsu, gwargwadon sanyin da suka samu, abin da hannu zai ƙara kaɗan ne. A kansu dabarar da ta dace da Sahel ita ce rage boltej ko wutar da suke ci, ta Curve Optimizer ko Eco Mode a AMD, ko saukar da iyakar wat a Intel. Sau da yawa zafi kan ragu sosai, gudun kuma kusan bai canja ba.

Saboda haka kirana ga masu gyara da masu haɗa kwamfuta a N'Djamena shi ne kada su sayar wa kowa na'urar sanyayawa sai sun auna zafin ɗakinsa, sun mayar da BIOS asalinsa, sun hure ƙurar, sun canja man. Kai kuma mai na'ura, in tazarar ba ta wuce digiri 15 zuwa 20 ba, rufe manhajar auna zafin ka ci gaba da aikinka.