Yabo Ba Ya Hana Gara Cin Takarda



A shekarar 2009 wasu ma'aurata suka shiga gyaran wani tsohon gida da aka yi watsi da shi a gefen garin St. Anne, jihar Ilinoyi ta Amurka. Rufi ya ɓurme, ruwa ya yi ɓarna, amma a ɓangaren da bai jiƙe ba suka tarar da tarin takardun kiɗa masu ɗauke da suna guda: Florence Price. Baƙar fata ce, an haife ta a 1887, ta rasu a 1953. A 1933 babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Shikago ta kaɗa simfoninta na farko, wato dogon kiɗan da ake tsara wa makaɗa masu yawa. Kafin ita, babu baƙar mace Ba'amurkiya da ta kai wannan matsayi. An tafa mata, an yabe ta, sannan aka manta. A cikin takardun nan aka sami simfoninta na huɗu da manyan kaɗe-kaɗe biyu na gogen Turawa. Jami'ar Akansas ta karɓi ajiyarsu, kuma a 2022 makaɗan Filadelfiya suka ci kyautar Grammy da kiɗanta. Da ruwan ya ƙara taku kaɗan, da shi ke nan.

Ita Price mantuwa ce ta kusa cinye ta. Samuel Coleridge-Taylor kuwa, wanda aka haifa a Landan a 1875, ɗan wani likita mutumin Saliyo, ba a manta da shi ba, haƙƙinsa ne ya kuɓuce. Ya sayar wa masu buga littattafan kiɗa shahararren aikinsa na bikin Hiawatha kacokan a kan fam 15 da sule 15. Aikin ya yi kasuwa a duk faɗin Ingila, shi kuwa ya rasu a 1912 yana da shekara 37, ya bar iyali cikin ƙunci. Shekara biyu bayan haka aka kafa ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa a ƙasar.

Abin da muka fahimta daga labaran nan biyu shi ne, yabo ba ya adana waƙa. Abu huɗu ke adana ta: a rubuta ta ko a naɗe ta, a manna mata sunan mai ita, a ajiye ta inda ruwa da gara ba sa kaiwa, a kuma ci gaba da rera ta tare da bai wa magada rabonsu.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu nan Gana muna da dalili na musamman. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta kare aikin mawaƙi tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma waƙar da ba a san mai ita ba tana faɗawa cikin kayan gargajiya, waɗanda dokar ta damƙa a hannun Shugaban Ƙasa amana a madadin al'umma. Ke nan duk waƙar zabiya ko ta mai kalangu da muka bari sunan mai ita ya ɓace, mun cire ta daga gadon 'ya'yansa da hannunmu.

Wasu za su ce waƙa ta kowa ce, kakanninmu da ka suka riƙe ta. Gaskiya ne, amma a da akwai yaran makaɗi masu amshi da suke ɗauka daga bakinsa shekara da shekaru. Yau yawancin bukukuwanmu na'ura ce ke yi musu kiɗa, masu haddar kuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kuma rubutu ba baƙon abu ba ne a gare mu. Waƙoƙin Alhaji Umaru Karaci, wanda ya rasu a 1934, Allah ya jiƙansa, sun iso mu ne saboda almajirai sun kwafa da alƙalami suna ambaton mai su, har aka tattara kofofi a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon. A wannan cibiya ne kuma ake ajiye da muryoyin da Farfesa Kwabena Nketia ya fara naɗa tun shekarun 1950.

Saboda haka muna kira ga kowane gida: a buɗe akwatuna da adakokin iyaye, a fito da kaset da faifai da litattafan ajami. A zauna da tsofaffi tun suna raye, a rubuta wa ya tsara, wa ya rera, a wane gari, a wane lokaci. Matasanmu masu sanin kwamfuta su juye muryoyin, a yi kofi fiye da ɗaya, a bar na asali wurin magada, kada a ɗora a intanet sai da izininsu. Fadodin sarakunan zango kuma su buɗe rajista, kamar yadda ake yi wa filaye da aure.

Takardun Price sun yi fiye da shekara hamsin suna jiran mai buɗe ƙofa, aka yi sa'a. Kaset a ɗakin da damina ke jiƙawa ba zai yi wannan jira ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.