Awon Bakin Mahaifa da Ranar Naƙuda

Yau zancenmu a kan mai tsohon ciki ne, musamman wadda take zaune nesa da Lafiya, kamar a ƙauyukan Awe ko Keana ko Doma. Babbar tambayarta ita ce, yaushe naƙuda za ta zo?

Likitoci suna lissafa mako 40 ga ciki, amma cikin mata 100, kamar 5 ne kaɗai suke sauka a ainihin ranar da aka rubuta musu. Saboda haka aka nemi wata dabara. Bakin mahaifa yana da tsawon milimita 30 zuwa 40 a tsakiyar goyon ciki. In haihuwa ta gabato sai ya yi taushi, ya gajarce, sa'an nan ya buɗe. Na'urar hoton ciki, wadda Likita Ian Donald na Gilasgo ya bayyana amfaninta a 1958, tana iya auna wannan tsawo.

A 2016 masana suka haɗa sakamakon bincike guda 5 a kan matan da cikinsu ya tsufa. Suka ga wadda awonta ya sauko zuwa milimita 10, fiye da kashi 85 cikin 100 na irinta suna haihuwa cikin kwana 7. Wadda nata ke milimita 30 kuwa, ba su kai rabi ba.

To, ga amfanin abin. Idan likita a asibitin da aka sani da sunan Dalhatu Araf ya ce baki ya gajarce, sai maigida ya nemi masauki wurin dangi a cikin Lafiya, ya tanadi kuɗin mota da mai ba da jini, kada a jira tsakar dare da damina.

Awon ya fi daidai in an yi shi ta gaban mace, ba ta kan ciki ba. Mai jin nauyi ta roƙi a haɗa ta da ma'aikaciya mace, amma kada ta ƙi, don ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai dai a sani, awo kirdado ne kawai. Ko an ce da saura, in faya ta fashe, ko aka ga jini, ko ɗa ya rage motsi, a garzaya asibiti nan take. Allah ya sauke su lafiya, amin.