Tsakanin Mai Tare Ƙofa Da Mai Cin Tara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, akwai wata ɓarna da ta zama ruwan dare a biranenmu har an daina ganinta saɓo, ita ce mutum ya jibge motarsa a ƙofar gidan wani, ko gaban shagonsa, ko harabar asibitinsa, ya kulle ya yi tafiyarsa ba tare da neman izini ba. Abin takaici, ranar da aka fi aikata haka ita ce Juma'a, masu aikatawar kuwa su ne masu gaggawar samun sahun gaba. Mai gida yana da mai naƙuda a ciki, ba shi da halin fita sai liman ya sallame, sai kuma mai motar ya gama gaisawa da abokansa. In maƙwabcin nan ba Musulmi ba ne, to mun yi masa wani mugun wa'azi da aikinmu wanda huɗubar cikin masallaci ba za ta goge shi ba.

Wannan zalunci ne, ba ma yi masa wani suna. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta gasabu, wato ƙwace abin mutum da nufin mallake shi, da ta'addi, wato cin amfanin abin ba da yardar mai shi ba, kuma dukkansu haramun ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi narkon azaba mai tsanani ga wanda ya zalunci wani ko da taƙi ɗaya na ƙasa, ya kuma sanya kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya. Saboda haka mai fili yana da haƙƙin a ɗauke masa motar, a biya shi ladan da aka saba biya a irin wurin, a kuma rama masa hasarar da ya yi in akwai.

Sai dai muna jin wasu suna cewa maganin abin shi ne a damƙa filayen kasuwanni da asibitoci, har da na masallatai, ga kamfanoni masu cin tara, wai kamar yadda ake yi a Ingila. To bari mu gaya musu abin da ya faru a Ingilar.

Shekaru da dama kamfanonin can suna sa wa tayar mota mari, ba su kwancewa sai an biya abin da suka yanka. Tun 1992 wata kotu a Sikotilan ta hukunta cewa yin haka a filin da ba na hukuma ba sata ce da karɓar dukiya ta hanyar tursasawa, amma Ingila ba ta haramta shi ba sai a 2012, bayan koke ya yi yawa. Da aka karɓe musu mari sai suka koma ga na'urar ɗaukar hoton lambar mota, hukumar rajistar motoci tana ba su suna da adireshin mai motar a kan fam biyu da rabi, takardar tara ta iske shi har gida. A garin Chelmsford wani mutum ya ajiye motarsa a filin wasu kantuna inda aka ba da awa 2 kyauta, ya ƙara minti 56, kamfanin ParkingEye ya ci shi tarar fam 85. Ya ja da su har Kotun Ƙoli, a 2015 kotun ta ba kamfanin gaskiya, ta ce ba lalle tarar ta yi daidai da wata hasara ba matuƙar akwai maslahar da ake karewa. Abin lura a shari'ar nan shi ne kamfanin ne yake biyan mai filin don a bar shi ya yi tsaro, kuma ba ya samun komai daga wanda ya fita a kan lokaci. Abincinsa yana hannun mai saɓawa. Ranar da kowa ya bi doka, ranar zai kwana da yunwa. Yaya za a yi wanda ya jingina tukunyarsa da laifin mutane ya so laifin ya ƙare? Gwamnatin Birtaniya ma ta fito da ƙa'idar rage tarar a farkon 2022, kamfanonin suka kai ƙara, ta janye ta a cikin shekarar.

Za su ce ai an kafa allo, wanda ya shiga ya yarda da sharaɗi. Mun ji. Musulmi yana kan sharaɗinsa, amma sharaɗin ramuwa yana da iyaka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi a kan cutar dukiya da ta auku da gaske, ta ce ba a aiki da shi in an tabbatar babu cutar da ta auku, kuma alƙali yana da ikon rage shi in an wuce gona da iri. In kuwa suka ce ba ramuwa ba ce, horo ne don wasu su tsorata, to sun faɗa inda ya fi zurfi. Jamhurun malamai sun hana ladabtarwa ta hanyar karɓar dukiya, don gudun kada a buɗe wa azzalumai ƙofa. Waɗanda suka halatta, irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, ga shugaba da alƙali suka halatta, ba mu san wanda ya ba ɗan kasuwa ikon ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne kuma mai sa kuɗin a aljihu ba. Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa, a Kitabul Farƙi ya lissafa ɗora wa talakawa kuɗaɗen da Shari'a ba ta ɗora ba cikin abin da ya zargi sarakunan zamaninsa da shi.

Mu ma nan mun ɗanɗana. A Abuja an taɓa ba kamfanoni kwangilar karɓar kuɗin ajiye mota a bakin tituna, da kulle taya da janye mota, har wata babbar kotu ta dakatar da tsarin a 2014 domin babu dokar da ya dogara a kanta.

Abin da muke kira gare shi ba boyayye ba ne. Mai fili ya katange filinsa, ko ya sa mai gadi, ko ya ba da shi haya a kan lada sananne na kowace awa, wannan ijara ce halattacciya. In za a ci tara, hukuma ta yanke ta da doka, a ba wanda aka ci damar kai kuka gaban alƙali, kuma kada albashin mai tsaro ya fito daga cikinta. Mu kuma namu ya fi kusa: kwamitin kowane masallacin Juma'a ya zaga ya nemi izinin maƙwabta, a san ƙofofin da ba a tarewa, 'yan agaji su tsaya a kansu tun ƙarfe 12. Wanda ya ƙi ji, a kira lambar motarsa a lasifika ya fito ya ɗauke, ko da shi ne ya gina masallacin.